Filin da Teku Ya Bari

Kakarmu ba ta yin tatsuniya a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Cewa take hasken nan ya cika tonon asiri. Don haka a gidanmu na unguwar Flatbush a Brooklyn, hawa na huɗu, in an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta kashe fitilar kicin, ta ɗora tukunyar ruwa a kan gas, ta rage wutar har ta koma ɗan shuɗin zobe a gindin tukunya. Murhunmu ke nan. Ni nakan zauna a kan buhun shinkafa, ƙanwata Safiya a kan bokitin da aka kifa, Kaka kuwa a kan 'yar kujerar tsuguno da ta taho da ita daga Ghana a cikin akwati, bayan ta fitar da zannuwa biyu don kujerar ta samu wuri. Ina da shekara tara a lokacin, Safiya shida. Da hunturu ne, sa'ad da rana ke faɗuwa tun ba mu gama aikin makaranta ba.

Baba ne ya kawo ta Amurka, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da yadda za ta kauce. Yana tsaye a gabanta za ta dube ni ta ce, "Rakiya, ki gaya wa babanku abincinsa na hucewa." Mu da aka haifa a Brooklyn abin dariya yake ba mu. Sai da na girma na gane cewa mace mai irin wannan kunya, in magana ta cika mata ciki, dole ta nemo mata wata ƙofar.

Wata huɗu ta yi a bakin taga tana kallon motoci. Matar da tun tana budurwa take tashi kafin kiran assalatu ta dama koko ta toya ƙosai, ita aka ce wa ta zauna ta huta. Wallahi hutun nan ya fi zazzaɓi cin ta. Ta rame, ta fara yi wa mutanen cikin talabijin faɗa. Rannan sai wani direban tasi ɗan Nijar da ke hawa na ƙasa ya tsaya gaishe ta a matakala, ya yi mata kukan cewa a garejin da suke musayar mota da asuba, direbobi 'yan Nijar da Ghana da Najeriya ba abin da suke samu sai kofi da burodin nan mai huji a tsakiya. Kaka ta gama jin kukansa. Ta hawo sama ta sa Mama ta sayo mata manyan filas biyu. Mama ma'aikaciyar jinya ce, aikin yamma take yi, kuma ta sayo ba tare da ta tambayi dalili ba.

Da Baba ya ga filas ɗin a kicin, ya gane.

"Inna, nan fa ba zango ba ne," in ji shi. "Ga sanyi, ga dokar gari, ba kya jin Turanci. Kuma ina aiki a asibiti, sai a ce ga uwata can tana talla a bakin gareji? Me kika rasa a gidan nan?"

Kaka ta dubi bango. Can ta ce wa Safiya, "Ki ce wa babanku na ji."

Ya ɗauki filas ɗin ya ɗora a can saman kabad, inda ko ta taka kujera hannunta ba zai kai ba.

A yammacin ranar ta kashe fitila kamar kullum, amma ta bar ƙofar kicin a wangale, abin da ba ta taɓa yi ba. Baba yana falo da jarida. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk ƙura." Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta shigo ta sha ruwa."

Wata mata ce, in ji Kaka, sunanta Kande, mutuniyar ƙasar Katsina. Ta bi mijinta cikin ayarin fatake masu kai kanwa kudu su sauko da goro. A hanya ciwon ciki ya kama mijin, aka binne shi a gindin wata bishiya da ba ta san sunanta ba. Abin da ya bar mata shi ne kwando biyu na kanwa, ƙullin daddawa, da kaskon suya na ƙarfe. Fatake suka ce ta jira su a Kumasi su mai da ita gida. Ta ji ana cewa kanwa ta fi daraja a bakin teku, sai ta ɗauki kayanta ta ci gaba, ita kaɗai, har ta kai inda ƙasa ta ƙare.

Nan Kaka takan rage murya, don nan ne wurin da ta fi so. Kande ta tashi a ƙasar da in ka tsaya a bayan gari kana hango mai jaki tun yana nisan rabin yini. Sai ga ta a garin da ba shi da shimfiɗaɗɗen wuri ko na shanya tabarma. Gari ne a kan tuddai, tudu na bin tudu, gidaje an ɗora wani bisa wani kamar jeren kwanonin amarya. Dokin ƙofar maƙwabcinka yana daidai da rufin ɗakinka, in matarsa ta watsa ruwan wanke-wanke a kan kwanonka zai sauka. Hanyoyin duk matakalu ne da aka sara a jikin jar ƙasa. Kafin ta kai zango, inda Hausawa ke sauka, sharaɓanta sun ɗaure, ta tsaya hutawa sau shida, alhali matan garin suna wuce ta da daron kifi a ka, suna hira, wata ma da lofe a baki. Ko'ina warin kifi mai hayaƙi. Ga wasu dogayen itatuwa masu kama da giginya amma duk sun karkace, ga wani farin gini mai kauri a kan dutse da bakunan igwa a jikinsa. Ta gaishe da mutane ba wanda ya gane, suka gaishe ta ba ta gane ba.

"Sai ta kai ƙolin tudun," in ji Kaka, "ta sauke kwando, ta juya. Ta ga sama ta sauko ta kwanta a ƙasa."

Safiya ta tambaya da Turanci ko sama tana kwanciya.

"Da Hausa, 'yar nan, in kina son amsa. Teku ne. Ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba. Ta yi ta neman tsallakensa da ido, babu. Ta ga wani jirgi a kai, ya fi masallacin garinsu girma, yana fitar da hayaƙi yana kuka kamar sa. Ta ce a ranta, to, mutanen nan Allah ya ba su ruwa, ya hana su fili."

Ta gangara ta yi alwala. Da ta kai ruwan baki sai ta tofar, ta duba hagu da dama ta ga ko wani ne ya yi mata mugunta. Gishiri zalla. Kuma ruwan ba gabas ya nufa ba, ba yamma ba, zuwa kawai yake ya lashi yashi ya koma. Kaka ta ce Kande ta daɗe a tsaye tana kallonsa, ta rasa gane ruwan da ba shi da inda za shi.

Sarkin zango ya karɓe ta da mutunci. Ya ce ta zauna a gidansa, ci da sha duk nasa ne, har a samu ayarin da zai koma arewa. Ta yi godiya, ta ce ita dai a nuna mata kasuwa. Kasuwar tana kan tudu mafi tsawo, kuma mace ce ke riƙe da ita, wata ƙatuwa mai sarƙar zinariya da ake ce wa sarauniyar kasuwa. Aka yi wa Kande tafinta. Sarauniya ta ce kowane taku a kasuwar nan da mai shi, daga kaka zuwa jika, baƙuwa ba ta da wuri. In tana so ta sayar wa 'yan kasuwa kanwar a dunƙule, yadda suka ga dama, ta koma inda ta fito. Kande ta ɗauki kwandonta ta sauko. Ta gwada bakin hanya, aka kore ta. Ta gwada gindin matakala, aka kore ta.

Washegari da hantsi ta leƙa daga zango, sai ta ga abin mamaki. Ruwan ya janye. Ya ja baya can da nisa, ya bar fili shimfiɗaɗɗe, damshi-damshi, ba bukka, ba turke, ba kowa a kai sai tsuntsaye.

"To ku a garinku," in ji Kaka, ko da yake mu Brooklyn ce garinmu, "in gulbi ya janye me ke nan? Rani ya shigo ke nan. Ba zai dawo ba sai baɗi. Mai rabo ya riga kowa, ya kafa turke, ya shuka albasa. Kande ta ce lallai mutanen nan ragwaye ne, ga fadama har fadama sun bar ta suna cunkushe a kan dutse."

Ta saro sanduna huɗu, ta samo ganyen kwakwa, ta gangara tsakiyar filin ta kafa rumfa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kasa kanwa, ta jera daddawa. Har ta fara auna inda za ta yi kunyar albasa. Sai mutane suka taru a kan tudu suna ɗaga mata hannu, suna ihu da yarensu. Ita kuwa an kore ta sau uku jiya, don haka ta san me ihu ke nufi. Ta juya musu baya. Wani tsohon masunci ya gangaro ya kama gefen tabarmarta yana ja, yana nuna teku. Ta ɗauki ludayi ta ƙwala masa a hannu, ta ce, "Nan ma na kakarka ne?" Tsoho ya girgiza kai ya tafi.

Da azahar ta yi, ta hau zango ta yi salla, don ba ta son yin alwala da ruwan gishiri. Ta ɗan daɗe, hawan nan ba wasa ba ne. Da ta dawo bakin gangare sai ta tarar babu fili. Ruwa ya dawo har gindin dutse, ganyen rumfarta na yawo a kai. Ta faɗa ciki da zanenta, ruwa har ƙugu, tana lalube. Daddawa ta tafi. Kwandunan ta same su, amma kanwa ai ba ta jure ruwa, abin da ya rage bai cika tafi biyu ba. Kaskon ƙarfe ne kaɗai ya nutse ya tsaya inda ta bar shi. Ta fito da shi a ka, jiƙe sharkaf, garin duka a kan tuddai yana kallonta, gida bisa gida, ana dariya.

 Ruwan tukunya yana tafasa. Ni dai hawaye ya cika mini ido, haushi kuma ya kama ni, na tsani mutanen tudun nan kamar na san su.

Daga falo muka ji an ninke jarida. Baba ya ce, ba da ƙarfi ba, "A nan ya kamata labarin ya tsaya."

"Ku je ku yi isha'i," in ji Kaka. "Mai labari ce ke sanin inda yake tsayawa."

Washegari da na dawo makaranta na tarar da wake jiƙe a babbar roba, an surfe shi tas, ga gasara a ƙyalle tana tsiyaya. Filas suna nan a saman kabad. Na dube su, na dube ta. Ta ce in wuce in cire kayan makaranta, ban ga komai ba.

Da magariba ta sake barin ƙofa a buɗe.

Sarkin zango, in ji ta, ya ce wa Kande, to kin gani, sai ki zauna. Ta ce ta gani. Amma maimakon ɗaki sai ta koma bakin teku ta hau kan dutse ta zauna. Mutane suka ce baƙuwar nan ta taɓu. Kwana bakwai tana zuwa tun asuba. Abin da take yi, karatun ruwa take. Ta ga yana janyewa ya dawo, ya sake janyewa ya dawo, sau biyu tsakanin asuba da asuba. Ta ga kullum yana yin latti kaɗan, kamar dahuwar tukunyar shinkafa. Ta auna shi da lokutan salla, ta auna shi da wata, ta gane in wata ya cika ko ya ɓata ruwan ya fi nisa da janyewa, ya kuma fi fushi in zai dawo. Ta lura da wani abu kuma. Masunta suna dawowa daga teku da yunwa, ga hawan tudu kafin su kai kasuwa, ga ƙafafu sun sage a cikin kwale-kwale.

Ta yi wa matan zango daka da surfe, aka ba ta mudun wake da ɗan mai. A rana ta takwas, da ruwa ya janye, ta gangara da duwatsun murhu uku, da itace, da kaskon. Wannan karon ba ta kafa rumfa ba. Ta hura wuta a kan yashi ta fara sakin ƙosai. Wanda ya fara zuwa shi ne tsohon da ta ƙwala wa ludayi. Ta zuba masa biyar a ganye, ta ƙi karɓar komai, ya ci yana kallon hannunsa yana kallonta. Da ruwa ya fara lasar duwatsun murhu ta kwashe komai ta hau dutse. Da ya sake janyewa ta sake gangarowa.

Labari ya kai kan tudu. Sarauniyar kasuwa ta aiko ƙarti biyu da tafinta, suka ce wa ya ba ta izinin zama a nan.

Kaka ta miƙe zaune a kan kujerarta, ta riƙe ƙugu, ta yi muryar Kande. "Ku ce mata wurin nan da mai shi, kuma ba ita ba ce. Yana zuwa dubawa sau biyu kullum, mun shirya da shi. In tana son wurin, ta aiko a kafa mata turke da la'asar."

Da la'asar kuwa wurin ruwa ne iya wuya. Ni da Safiya muka fashe da dariya har bokitinta ya goce. Muna cikin dariyar ne aka tare hasken falo. Baba ne a bakin ƙofa.

"Inna, ki gaya musu sauran mana," in ji shi. "Ki gaya musu ƙafafunta. Ni na gan su, gishiri ya tsattsaga su har ba ta iya sa takalmi. Ki gaya musu shekara talatin tana hawa da sauka da duwatsu a ka, ba a taɓa ba ta ko taku ɗaya a kasuwar ba. Ki gaya musu yadda yara ke bi na a makaranta suna kirana jikan wadda teku ya wanke."

Na dubi Kaka. Sai a lokacin na gane Kande ba matar tatsuniya ba ce. Uwar Kaka ce, kuma garin tuddan nan shi ne garin da aka haifi Baba.

"Na yi karatu, na tsallako tekun nan," in ji shi, "don kada wata mace ta gidanmu ta sake tsayawa a waje tana jiran mai saye. Laifi na yi?"

Kaka ta miƙa hannu ta kashe gas. Ta tashi da kanta ta kunna fitila. Sannan ta juya ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Isiyaku."

Sunan Baba ke nan. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma daga ranar ban sake ji ba.

"Ba a ba ta wuri ba, gaskiyarka. Ba ta kuma sake roƙa ba. Ƙafafun da kake faɗa, da su aka kai ka makarantar da ake maka dariya. Ta mutu ba wanda ya taɓa ce mata zauna ta zauna. Ni 'yarta ce. Ba ka yi laifi ba, ɗana, amma kana kashe ni da alheri. Gobe da asuba zan fita. In filas ɗin ba su sauko ba, a tukunya zan ɗauka. In kuma kulle ƙofa za ka yi, kulle ta yanzu ina gani."

Baba ya daɗe a tsaye. Mutum ne dogo, amma a ranar sai na ga ya yi mini ƙanƙanta. Ya juya ya shiga ɗakinsa. Bai taɓa makulli ba, bai kuma taɓa kabad ba.

Ƙamshin mai ne ya tashe ni da asuba. Na tarar Mama, wadda ba ta daɗe da kwanciya ba, ta taka kujera ta sauko da filas. Kaka ta sa rigar sanyin Mama a kan zanenta, da safa biyu-biyu, ta ɗaure filas da kwanon ƙosai a cikin babban daro, ta yi gammo ta ɗora a ka. Na ruga taga. Dusar ƙanƙara ta rufe titi, ba kowa sai ita a ƙarƙashin fitilu, tana tafiya a miƙe. Can sai ga Baba ya fito da gudu, kwat a kan kayan barci. Ya cim mata ya miƙa hannu zai karɓi daron. Ta kauce. Ya sake miƙawa, ta ci gaba da tafiyarta. Sai ya sauke hannu ya bi bayanta a hankali, har suka sha kwana.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana zuwa garejin nan. Ƙarfe biyar take isa, kafin bakwai ta dawo, daro wayam. An taɓa korarta, ta koma tsallaken titi. An sayar da garejin, ta bi direbobi zuwa sabon. Ta koyi Turancin da ya ishe ta faɗa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Baba bai taɓa cewa ya yarda ba har ta rasu, amma shi ke sayo waken.

Na girma ina ɗauka na fahimci labarin nan sarai. Kullum ni ce Kande. Duk inda aka ce mini babu wuri, a makaranta ko a wurin aiki, sai in nemi gefen da ba wanda ke so in fara daga nan, kuma ya yi mini rana. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan tsinci kaina a wancan ɓangaren ba.

Yanzu a St. George nake zaune, a tsibirin Staten, gidana a kan wani tudu da ke kallon tashar jirgin ruwa. Bayan rasuwar Mama na ɗauko Baba. Ya haura saba'in, an yi masa aiki a gwiwa. Ranar da muka sauko daga jirgi ya ɗaga kai ya ga gidaje wani bisa wani, ya tsaya riƙe da sanda ya ce, "Ikon Allah. Duk gudun da na yi." Ba a yi wata biyu ba ya samo wa kansa aiki. Kullum da safe sai ya gangara tudun nan, ya hau jirgi, ya shiga jirgin ƙasa har unguwar Harlem, ya zauna a shagon wani tela a titi na 116 yana karanta wa sababbin zuwa takardun asibiti, yana cike musu fom. Ba a biyansa ko sisi.

A hunturun bara ya zame a matakalar ƙofar gida, ya kwana biyu ba ya iya tsugunawa. Na tsorata ƙwarai. Ranar da ya fara shirin fita na tare ƙofa.

"Baba, don Allah ka zauna ka huta. Ga ƙanƙara, ga gwiwarka. In ka faɗi a hanya wa zai san ka? Me ka rasa a gidan nan?"

Ya gama ɗaura igiyar takalminsa, ya ɗago ya dube ni.

"Rakiya, kin ji kanki kuwa?"

Na ji. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Ashe masu cewa zauna ba duka ne maƙiya ba. Mai korarka da tsawa yana da sauƙi, kana iya juya masa baya. Wanda ya fi wuyar tsallakewa shi ne mai tare maka ƙofa don yana sonka, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sanyin gaskiya ne, gwiwar gaskiya ce, yana iya faɗuwa gobe, ni kuma ba zan yafe wa kaina ba. Na san duk wannan, na matsa gefe.

Har yau ban daina tsoro ba, kuma ban ce masa na yarda ba. In an kwana ana zuba ƙanƙara, nakan riga shi tashi, in ɗauki buhun gishirin da ake barbaɗawa a hanya, in bi matakalarmu ɗaya bayan ɗaya, in wuce ta maƙwabta, in yi ta watsawa har ƙasan gangare. Sannan in dawo in dama masa koko. Ƙarfe bakwai yake fita.